Sunan da Kebul Ya Raɗa

Mako uku Khisa ya yi yana auna intanet iri biyu, har da zana jadawali a bayan kalanda. Na kebul, mai bin wayar talabijin, akwai gudu, amma da duk mutanen benensu na Nairobi ake rabawa. DSL kuwa tsohon layin tarho yake bi, yana jan ƙafa, sai dai naka ne kai kaɗai.

"Ɗauki mai jan ƙafar, Baban Nanjala," in ji matarsa Naliaka. "Kai ma ai haka na ɗauke ka."

Ya ɗauki kebul.

Ba da daɗewa ba 'yarsu Nanjala ta haihu a Ingila, namiji, mai kuka ba dare ba rana. A gidansu maganin wannan sananne ne: tsohuwa ta yi ta kiran sunayen magabata, wanda jariri ya yi shiru a kansa shi ne sunansa. Khisa sunan mahaifinsa, Situma, yake so. Aka ɗauko mahaifiyarsa daga garinsu Bungoma, aka zaunar da ita gaban kwamfuta don kiran bidiyo da Ingila ranar Asabar da la'asar, daidai lokacin da gida arba'in na benen suka kunna ƙwallo.

Jariri na tsala ihu. Tsohuwa ta fara daga ƙanin mijinta.

"Makhanu."

Tsit. Jaririn ya tsaya cak, baki a buɗe.

"Ya amsa," ta ce, ta gyara mayafi.

Makhanu, mutumin da ya ari keken mahaifin Khisa ya dawo da ƙararrawa kaɗai.

"Inna, ba shiru ya yi ba," in ji Khisa. "Hoton ne ya daskare."

"Me ya daskarar da shi?"

Naliaka ta ajiye butar shayi, ta naɗe hannu tana jira. Khisa ya dubi kalanda, ya dubi rufi.

"Kebul ne," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da maƙwabta muke rabawa. Ban yi zaɓi mai kyau ba."

"Ɗaga murya, ban ji ba," in ji Naliaka.

Ya maimaita.

Tsohuwa ta kurɓi shayinta. "To, Makhanu ke nan. Da ransa ma da kayan maƙwabta yake aiki."

Da hoton ya dawo, jaririn na ihu fiye da dā. Khisa ya yi ta kiran Situma har muryarsa ta dushe, amma tsohuwa ta riga ta aika a sanar da Bungoma.