Bugun Tsuntsu a Lagdo

"Ba zan cire jadawalin nan ba, Farfesa," in ji Khaula Hashim, tana tsaye, ko kujerar da aka nuna mata ba ta kalla ba.

Farfesa Fabrice, shugaban ɗakin binciken ƙwaƙwalwa da take aiki a Garwa, ya zare tabarau. "Dakta, ba shawara na nema ba. Cire shi, ki ambaci takardata, sunayenmu mu bakwai su hau kan sabuwar takardar, a wuce wurin."

Takardar tasa an ambace ta sau ɗari uku da 'yan kai, ita ta jawo masa abokan aiki daga Turai. A cikinta ya ce farfaɗiya ba ta da yawa tsakanin 'ya'yan masuntan Lagdo. Sai dai waɗanda ya tura yi wa iyaye tambaya da sunanta tsirara suka riƙa kiran cutar. Wace uwa za ta amsa wa ɗanta farfaɗiya a gaban maƙwabta?

Khaula kuwa wata takwas ta yi wajen matan da ke bandar kifi, hayaƙi na cin idonta. Tambayarta ɗaya: "Inna, tsuntsu yana bugunsa?" Sai uwa ta sunkuyar da kai, ta fara ba da labari. Da aka auna ƙwaƙwalwar yaran, adadin ya ninka na Farfesa sau uku, shi ne kuma a jadawalin.

"Tsuntsu," ya ce yana murmushi. "Kimiyya muke yi ko tatsuniya?"

"Tatsuniyar ce na'ura ta gaskata. Kimiyyar taka kunya ta auna."

Bai kore ta ba. Shiru kawai aka yi mata. Sidonie, abokiyar aikinta da suke cin tuwo kwano ɗaya, ta turo saƙon ban haƙuri, ta zare sunanta. Sauran ko saƙon ba su turo ba. Mujallu huɗu suka maido wa Khaula da takardarta, ta biyar, 'yar ƙarama, ta buga ta da suna ɗaya tal.

Yanzu shekara uku ke nan. An ambaci takardar sau biyu, ɗaya ita ce da kanta. Gurbin ƙaro karatun da aka yi mata alkawari an ba wani, kwantiraginta ba a sabunta ba. Tana koyar da 'yan sakandare a Figil, kuma har yau babu mai bincike ko ɗaya da ya yarda sunansa ya zauna kusa da nata. Jadawalin yana shafi na shida, ba a taɓa ko lamba ɗaya ba.