Tagar Kullum da Tagar Sau Ɗaya

Jiya Talata bayan azahar, ana irin yayyafin nan na Agusta da ba ya ɗaukewa kuma ba ya ƙaruwa, barci ya sace ni a kan bencin shagon hoto na Kawu Ilu, na yi wani mafarki.

Kafin in kwanta akwai aikin da na bari a rabi. Kwamfutar shagon ta cika, Kawu ya ishe ni da mita, sai na rubuta mata ɗan fayil na umarni: duk hoton da ya haura shekara guda, ta share shi. Saura layi ɗaya ban rubuta ba, wanda zai ce ban da foldar da muke kira Kaka. A cikinta hotunan da kakana ya ɗauka suke, tun yana yawon ƙauyuka da kyamara mai ƙafa uku. Gara ta cinye na takarda, waɗannan ne suka rage. Har da hoton mahaifiyata, wadda ta rasu ina shekara shida, kuma ba ta da wani hoto a duniya sai shi.

Irin wannan fayil, wanda ake gane shi da 'yan haruffan da ke wutsiyar sunansa, in ka danna shi sau biyu, kwamfuta ba ta buɗe maka shi ka karanta, aikata abin da ke ciki take yi. Sai an gaya mata cewa edita, wato manhajar da ake rubutu da gyara a ciki, ita ce za ta riƙa buɗe shi. Da safe ta ma tambaye ni: sau ɗaya ko kullum? Na danna sau ɗaya, don shi ya fi kusa da yatsana. Na sa wa fayil ɗin suna Shara, na bar shi a fuskar kwamfuta, na ce bari in miƙe bayana na minti biyar.

Sai na gan ni a ƙofar wani gari.

Mai gadin ƙofar ya ɗaure hannuwansa a baya da rawaninsa. Ya ce, "Baƙo, doka ɗaya ce a nan. Ba a taɓa abu sau biyu."

Na ce, "In an taɓa fa?"

Ya nuna min da haɓa. Wata baƙuwa ta ƙwanƙwasa tukunyarta sau biyu don ta ji ko ta tsage. Nan take tukunyar ta dafa tuwo, ta kwashe, ta cinye, ta wanke kanta, ta kife. 'Ya'yan matar suka tsaya da cokula a hannu. Can gaba wani ya bubbuga kafaɗar wanzami don gaisuwa, wanzamin ya aske shi, ya aske mutum bakwai da ke kusa, ya aske wani rago da ke wucewa. Matan garin kuwa sau ɗaya suke luguden taɓarya a turmi, sai su koma gida sai gobe. Ruwa ma ana yi, amma kowane ɗigo sai ya duba ko wani ya riga shi sauka a wurin. Wanda bai samu fili ba sai ya koma sama.

Mai gadin ya dubi aljihun gaban rigata. "Mene ne wannan?"

Na laluba, na ji takarda a naɗe, da 'yar wutsiya irin ta ƙadangare tana motsi.

Ya ce, "Raba ta da ƙirjinka. Zuciya bibbiyu take bugawa."

Na zaro ta da sauri na riƙe can nesa da jikina.

"Me aka rubuta a ciki?"

"Shara."

"Sharar me?"

"Duk abin da ya haura shekara."

"Ban da me?"

"Ban kai wurin ba tukuna."

Ya dube ni, ya dubi garin, wanda ko kajinsa sun girmi shekara. Ya zura da gudu ya bar takalmansa. Takalman suka ɗan yi shawara, suka bi shi.

Sai ga ni a ofis. Wata zabuwa ce a kan kujera, da tabarau, ga hatimi a gabanta. Na miƙa mata takardar, ba ta dubi sunan ba, ta juya ta.

Ta ce, "Mu nan wutsiya muke dubawa." Ta bi ɗigon jikinta da baki ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya a kan wani. "Duk mai irin wannan wutsiyar, Cika-Aiki ne ke buɗe ta."

Ta taga na hango shi a gindin tsamiya: ƙato, babu kunnuwa, wurin ya shafe sumul kamar bayan ƙwarya. Tsintsiya na kwance a cinyarsa, tsawonta ya kai na motar itace.

Na ce, "Ranki ya daɗe, yana karantawa kafin ya fara?"

"Haɗiyewa yake yi. A ciki yake ganewa."

"In ya fara, ana iya tsayar da shi?"

"Da wane kunnen?"

Na ce ba wanda zai buɗe min ita in duba kawai, ba tare da an aikata ba? Ta ce akwai Malam Edita, tela ne, shi buɗewa yake ya shimfiɗa ya jira mai kaya. Amma sai an sauya suna a rajista. Ta nuna min tagogi biyu. Ɗaya an rubuta Kullum, layinta ya fita ofis ya zagaye masallaci ya dawo. Ɗaya an rubuta Sau Ɗaya, ba kowa, har da tabarma da ruwan sanyi.

Na ce, "Wacce ta fi sauri?"

Ta sauke tabarau. "Ba kai ne na ɗazu da safe ba?"

Na ce ni ne. Na tafi tagar Sau Ɗaya.

Shagon telan a cikin wata randa yake, amma da faɗi. Tsoho ne mai haƙuri, ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa, sai layukan suka koma zare: umarni shuɗi, sunaye kore, lambobi ruwan goro. Ban taɓa ganin rubutuna da kyau haka ba. Ya bi da yatsa har ƙasa, ya tsaya.

"Samari, rigar nan ba kalmasa. In aka sa ta haka, har wuya za ta warware."

"Layi ɗaya ne, Baba."

"Layi ɗaya ne ke riƙe wando." Ya ɗauko allura. "Zauna in zura zare. Kai za ka ɗinka, ni ba na ɗinka wa kowa."

Ya lashi zaren, ya kai, ya kuskure. Ya sake lasa. Na zauna, na tashi, na sake zama. A waje aka yi sowa, na leƙa, sai ga keke yana tuƙa mutum, mutumin na ƙararrawa da baki. Na ce bari in gani na daƙiƙa ɗaya.

Da na waiwayo babu randa, babu tela. Takardata tana can tsakiyar kasuwa a kan wani faffaɗan tebur shuɗi, inda kowa ke wucewa, an rubuta Shara a goshinta da manyan baƙaƙe. Wata hawainiya na gadinta.

Na ce, "Tawa ce, zan ɗauka."

Ta ce, "Sau ɗayanka ya ƙare. Ta koma hannun mai buɗe ta na asali."

A gindin tsamiya Cika-Aiki ya gyara zama.

Na ruga layin Kullum. A nan na ga ashe mutanen layin ba su da kauri, kamar an yanko su da almakashi, kuma yawancinsu baƙi da fari ne. Duk sun ba wa tagar baya, ni suke kallo, ba mai ƙiftawa. Ga wani soja da hula a hammata. Ga 'yan ƙwallo goma sha ɗaya, na gaba a durƙushe. Ga wani mahauci rungume da rediyo. Na san su duka, na sha wuce su da linzamin kwamfuta.

Sojan ya ce ba tare da ya motsa baki ba, "Mun ji labarin tsintsiya, shi ne muka zo da kanmu. Amma an ce sai mai takarda."

A gabana wata yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ita mai launi ce, sai dai launin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Ta ɗora hannu ɗaya a kan tukunyar furen roba.

Ta ce, "Nafi'u, ka yi tsawo."

Na ce, "Inna?"

"Ni ce, amma ban haife ka ba tukuna. Kar ka sa ni dariya, Baba ya ce kar in motsa."

"Tun yaushe kike tsaye?"

"Shekara talatin da uku. Ba wuya, in ka saba. Kai fa, an ce minti biyar ya gagare ka. An ce makaranta ma a aji uku ka fita ta taga."



Ta ce, "Ka ci abinci?"

Na ce na ci.

"To wuce gabana. Ni ba na sauri."

Na wuce. Da na waiga, babu komai a bayanta sai farar takarda da lambar da kakana ya rubuta da fensir. Sojan ma ya ce in wuce. 'Yan ƙwallo suka ce in wuce, mahauci ya ce in wuce amma kar in taka wayar rediyo. Haka na yi ta ratsa su, ɗari huɗu da wani abu, kowa na ba ni wurinsa, har na dafa tagar.

Zabuwar ce dai. Ta ce, "Kullum?"

"Kullum."

"Duk mai irin wutsiyar, tela ne zai buɗe?"

"Shi."

"Har ranar da kake sauri?"

"Har ranar."

Ta ɗaga hatimin da ƙafa ɗaya, ta duba ƙasansa, ta ce tawada ta bushe. Ta fara hura masa iska a hankali.

Sai kasuwa ta yi duhu. Wani yatsa ya sauko daga sama, kaurinsa kamar kututturen giginya, da zoben azurfa mai jan dutse. Na san zoben. Yatsan ya yi ta shawagi a kan teburin shuɗi, ya wuce wannan, ya wuce wancan, ya tsaya a kan takardata.

Ya taɓa ta sau ɗaya.

Cika-Aiki ya miƙe, ya tofa yawu a tafin hannu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, buga haka nan."

Ta ce, "Da safe tawadar ɗanya ce."

Na buɗe baki in kira Kawu, sai wata kurciya ta fito a madadin murya, ta sauka a kan tsamiya tana gyara fiffike. Na waiwaya layin. Ba wanda ya gudu, ba su iya ba. Yarinyar tana tsaye yadda aka ce ta tsaya, hannunta a kan furen.

Ƙas.

Ƙarar linzamin kwamfuta ce ta tashe ni. Yayyafi na nan a kan kwano. Kawu Ilu na zaune a kujerata da goro a baki, zoben azurfarsa a kan linzamin. A fuskar kwamfutar wata baƙar taga ta buɗe, sunaye suna gudu a cikinta kamar tururuwa. Kafin in tsallake bencin ta rufe kanta.

Kawu ya ce, "Kai Nafi'u, wannan Sharar taka ba ta buɗuwa. Na ga sabon abu, na ce bari in ga me ka rubuta. Sai ta yi wal ta ɓace."

Na karɓi linzamin. Na buɗe foldar Kaka. Fari fat. Na duba kwandon shara na kwamfutar, ba komai, don ni da kaina na rubuta kar a bi ta nan, a share kai tsaye.

Kawu ya daɗe yana kallon farin wurin. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi salati a hankali.

Ya ce, "Har na Yaya Hansai?" Mahaifiyata yake nufi.

Na ce, "Har shi."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ruwa.

Na koma kan fayil ɗin, na zaɓi edita, na danna kullum. Ban kai ga haɗiye yawu ba an gama. Ya buɗe da launukansa, shuɗi da kore da ruwan goro, da wurin layin nan ɗaya a ƙasa.

Tun jiya nake tono da manhajar dawo da abin da aka share, yau da hantsi ta ce iyakarta ke nan. Na 'yan fasfo da na biki da suka tafi, dama su aka nufa. Na foldar Kaka ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Hamsin da takwas sun dawo lafiya, har da sojan. Goma sha tara sun dawo a yage. Ɗari uku da talatin da biyar ba su dawo ba. Nata yana cikin goma sha taran: tukunyar fure, da hannu ɗaya a kai.