Gishiri a Ruwan Gwaiba

Sau biyu ke nan ruwan yana yin fari kamar nonon da ya tsinke, kuma Nohemí ta gaji har cikin ƙashinta.

A ɗakin gwajin jami'a abin bai taɓa ba ta wuya ba. A dafa ganyen gwaiba, a tace, a ɗiga a cikin ruwan azurfa, sai ya rine ya koma launin baƙin kofi. Alama ke nan azurfar ta zama ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda take fatan su kashe tsatsar da ke cin ganyen kofi. Amma da ta dawo gida Pitalito, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tsatsa kuwa ta haye har layukan kofi na ƙarshe da mahaifinta ya dasa kafin rasuwarsa, ga shi azurfar da malamarta ta ba ta saura awo ɗaya tak.

Yayanta Fidencio ya riga ya yanke magana. "Likitar ganye, zuwa Asabar na ba ki. In ba a ga komai ba, sare su zan yi in shuka ciyawar shanu."

Wannan karon daga gari ta ɗauko tataccen ruwa, ta wanke kwalabe har yatsunta suka yi yaushi. Dahuwar ganyen kaɗai ta bar wa mahaifiyarta, Doña Eduviges, kamar kullum, don tsohuwa ba ta yarda kowa ya taɓa mata murhu.

Da hantsi Nohemí ta ɗiga ruwan ganyen a kan azurfar ƙarshe. Ɗigo na uku, kwalba ta yi fari fat.

Ta zauna a bakin ƙofar madafa, ko kuka ta kasa.

Tsohuwa ta leƙo tana goge hannu da zanen aikinta. "Yanzu ma bai yi ba, 'yar nan? Oh ni! Alhali yau har ninka gishirin na yi."

"Wane gishiri, Mama?"

"Na tukunya mana. Kin taɓa ganin na ɗora tukunya ban barbaɗa gishiri na yi mata alamar gicciye ba? Na ga na baya bai kama ba, na ce bari in ƙara, ko Allah ya dubi wahalarki."

Ɗan aji ɗaya a jami'a ma ya san gishiri ke dunƙule azurfa ta koma fara. Haushi ya taso wa Nohemí har wuya. Sai idonta ya sauka kan hannuwan nan da suka shekara arba'in suna tsinkar kofi a layukan, ga tsohuwa ta zuba mata ido tana jiran amsa.

"Kin kyauta, Mama," ta ce. "Azurfar ce ta tsufa."

Ta miƙe da ƙyar, ta zagaya bayan gida ta gaya wa Fidencio ba sai ya jira Asabar ba.