Kar Wanda Ya Taɓa

Tun kafin a sayi kwamfutar an riga an yi mata keji. Ranar Litinin da safe na shigo ajina na tarar da kafinta yana kafa wani akwatin gilashi a jikin bango, can sama inda ni kaina sai na yi ɗage kafin hannuna ya kai, ga ɗan kwaɗo sabo yana reto a ƙofarsa. Yarana ashirin da uku, 'yan shekara uku zuwa biyar, sun yi cirko-cirko suna kallo. Fitina, wata 'yar ficiciyar yarinya da bakinta ba ya hutawa, ta ja min riga ta tambaye ni ko kifi za a zuba a ciki.

Ban kai ga ba ta amsa ba Mai Makaranta ya aiko a kira ni. Na same shi a ofis ya ajiye ambulan a kan tebur, kuɗin da iyayen yaran ajina suka haɗa ne don a saya wa 'ya'yansu kwamfuta. Ya juyo min da wayarsa ya nuna min hoton wadda yake so: siririya, ruwan azurfa, irin wadda ake naɗewa a sa a jaka. Ni ya zaɓa in je saye don a duk makarantar ni kaɗai na taɓa aikin buga takardu kafin in shiga koyarwa. Ya ce zai yi tafiya, sai Asabar da safe zai dawo, ranar da iyaye za su zo ganin abin da kuɗinsu ya saya, kuma yana so ya tarar da ita a cikin gilashi tana ɗaukar ido.

Na tambaye shi wa zai riƙe makullin akwatin. Ya ce shi. Na tambaye shi yaushe yara za su taɓa ta. Ya dube ni kamar na ce a ba su wuƙa su yi wasa.

"Malama, na san halinki," in ji shi. "Idan kika dawo min da wani abu ba wannan ba, ki fara neman wani wurin aiki."

Bai yi ƙarya ba, ya san halina. Tun ranar da na farke kwalin fensiran kala da ya shekara biyu yana ajiya a kabad na raba wa yara yake min kallon mai taurin kai. Amma shekarata goma sha ɗaya a wannan aji, kuma da aikin nan nake riƙe da tsohuwata. Na ɗauki ambulan na ce to.

Da aka tashi na hau mota zuwa layin masu sayar da kayan lantarki. Babban shagon farko sanyi kamar cikin firji, ko'ina madubi. Mai sayarwa, wani ɗan gaye da nektai, ya ciro min ita daga kwali da hannu bibbiyu yana zuba bayani: ga sauri, ga rashin nauyi, ga batir mai daɗewa. Ni kuwa sai na durƙusa a gaban tebur ɗin. Ya zaci jiri ne ya ɗebe ni, har ya miƙo kujera. Na ce masa lafiyata ƙalau, so nake in ga abin da ɗan shekara huɗu zai gani. Daga ƙasan nan babu abin da ake gani a fuskarta sai hasken fitilar silin.

Na tambaye shi in lemo ya zube a kan madannan fa? Ya ce to, shi ke nan, sai dai a sayi wata. Na tambaye shi in yaro ya rufe murfin da fensir a ciki fa? Ya yi 'yar dariya ya ce ai wannan ba ta yara ba ce, me ya sa tun farko ban faɗa masa ba. Ya shiga ciki ya fito da wata ta roba, ruwan hoda, da kunnuwan zomo. Na danna wani madanni ta fara waƙa. Na danna wani, waƙar dai. Na danna na uku, ita ce dai. Ya ce iyaye na rububinta, yara ba su san bambanci ba.

Nan raina ya ɓaci. Na ce masa yara ba wawaye ba ne, gajeru ne kawai. Wanda ya wuni da su ya sani: Fitina ta taɓa gane cewa na tsallake shafi ɗaya a littafin labari, ta hana ajin zaman lafiya sai da na koma baya.

Duk da haka, wallahi saura kaɗan in sayi ta azurfar. Ambulan na hannuna, ɗan gayen ya fara naɗe waya. Na tuna fuskar tsohuwata in na koma gida na ce mata aiki ya ƙare. Sai kuma na hango safiyar gobe: in hau kujera in saka abin nan a gilashi, in sauko in ce wa yara ashirin da uku ga kwamfutarku can, ku kalla. Iyayensu masu ɗinki ne da direbobi da masu sayar da kayan miya, ba daga sama kuɗin nan ya faɗo musu ba. Na mayar da ambulan jaka na ce masa ina zuwa. Ni da shi duk mun san ba zan dawo ba.

A bayan layin akwai wani lungu na masu gyara, ƙasa duk guntayen waya da ƙananan kusoshi. A wani ɗan shago na ga wani dattijo da tabarau a kan karan hanci, bayansa an jibge tsofaffin kwamfutocin ofis baƙaƙe, irin na kan tebur, har kusan rufi. Na gaishe shi na faɗa masa abin da nake nema, ban ɓoye masa komai ba. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya jawo allon madannan wata kwamfuta da ke kunne, ya ɗauki kofin shayinsa ya tuttula a kai, ya zare wayar allon daga jikin kwamfutar, ya jefa shi cikin kwali ya sa wani. Kwamfutar ko gezau.

"'Yata, ta yara ita ce wadda in sun ɓata wani sashe za a canja sashen kawai," in ji shi. "Waɗannan sun sha wuyar ma'aikata, yaro ba zai ba su tsoro ba."

Na dunƙule hannu na bugi madannan yadda na san za a buge su. Na girgiza fuskar, ta zauna daram. Sai na ciro wata takarda daga jaka, zanen tafin hannun Fitina da muka yi a aji muka yanke da almakashi, na ɗora a kan linzamin da ake jan kibiya da shi. Linzamin ya ninka hannun biyu. Baba ya cire tabarau ya ƙura wa takardar ido, ya tashi ya yi ta tonon wani kwali yana mita, har ya zaƙulo wasu ƙanana guda uku da ya ce babu mai saye don manya na cewa sun yi musu kaɗan. Hannun takarda ya rufe ɗaya ruf.

Ya zuba musu manhajar zane da ta haruffa da ta ƙirga, duk ba sa buƙatar intanet. Kuɗin ta azurfa guda ɗaya ya ɗauke uku, har da kuɗin motar da ta kai min su makaranta.

Ranar Talata na sa maigadi ya ara min zarto, muka rage wa wani tsohon tebur ƙafafu. Na tura wayoyin bayan kabad inda hannu ba zai kai ba. Ranar farko an yi kuka, an yi cizo, wani ya lashi fuskar kwamfuta don ya ji ko ja yana da zaƙi. Zuwa Alhamis sun koyi layi da kansu, kowa minti biyar, Fitina ce mai tsawatarwa ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Akwai wani yaro da tun farkon zango bai taɓa yarda ya riƙe fensir ba, sai ga shi ya zana wani abu mai ƙafa shida ya ce kakarsa ce. Na yi dariya har da hawaye, sannan na tuna Asabar, dariyar ta yanke.

Asabar ta zo. Mai Makaranta ya shigo ajin tare da iyaye, yana gaba yana nuna musu hanya. Idonsa ya fara zuwa kan akwatin gilashi, babu komai a ciki sai ƙurar katako. Sannan ya sauko kan tebur mai gajerun ƙafafu da baƙaƙen akwatuna uku da yara a gabansu. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Amma kafin ya buɗe baki mahaifin Fitina, wani bakanike da ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa kusa da 'yarsa yana kallon yadda take neman harafin farko na sunanta da yatsa ɗaya. Da ta same shi ya fito ƙato a fuskar, mutumin nan ya juyo ya kama hannun Mai Makaranta da hannu biyu yana godiya. Sauran iyaye suka bi. Shi kuwa ya yi ta murmushi yana cewa ai tsarin makarantarsa ke nan, yaro ya koya da hannunsa.

Na ce a raina to, an wuce wurin. Har na fara jin kunyar zagin da na yi masa a zuci.

Da iyaye suka watse ya kira ni ofis. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce kwamfutocin ba su dame shi ba, ni ce na dame shi, don makarantar da malami zai yi abin da ya ga dama ba makaranta ba ce. Ya ce Juma'a mai zuwa ce ranata ta ƙarshe. Kwamfutocin kuma za a kashe su a rufe, har sai ya ɗauki malamin kwamfuta na musamman. Na san wannan malamin, ɗan'uwan malamin kiɗa ne da ake jira tun shekara shida, har yau ba a ɗauka ba.

Na ce, "Yallaɓai, ka ba ni haƙuri in ba ka, amma ba zan ce na yi kuskure ba."

Ya ce bai tambaye ni ba.

Na je gida na faɗa wa tsohuwata. Ta tambaye ni ko sata na yi. Na ce a'a. Ta ce to in zuba mata ruwan wanka. Na shiga banɗaki na yi kukana a can, don tsoro nake ji ƙwarai, ban san inda zan nufa ba.

Kwana biyar suka rage min, na ajiye waƙoƙi da haruffa gefe. Kullum da safe ni nake kunna kwamfutocin kafin yara su iso, to daga Litinin na daina. Na jera su, na nuna musu ɗan maɓallin da ke gaban akwatin, na ce danna sau ɗaya, cire hannu, jira. In ta farka tana yin wani ɗan sauti, tilin-lin, sai su yi tafi. Na kashe na kira na gaba. Ɗaya bayan ɗaya, har yaron nan mai zanen ƙafa shida, har ƙaramarsu da har yanzu take zuwa da kwalbar madara. Ranar Laraba na lulluɓe kwamfutocin da zanen tebur na yi kamar na manta, na zauna ina kallon taga. Ba a yi minti biyu ba aka yaye zanen. Ban ce musu su yi wa kowa rashin kunya ba, Allah shaida. Na dai ce musu iyayensu ne suka saya, nasu ne.

Juma'a da rana Mai Makaranta ya zo da kansa tare da sabuwar malama, wata baiwar Allah mai sanyin murya. Ya kashe kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe su da wani farin yadi, ya daidaita gefunan. Ya juyo ga yara ya ɗaga yatsa ya ce kar wanda ya taɓa. Suka amsa da to, baki ɗaya, yadda na koya musu amsa wa manya. Na miƙa masa makullin aji. Ban yi sallama da yaran ba, na ce musu zan je in dawo, don na san in na tsaya ba zan iya fita da ƙafata ba.

Ya rako ni har bakin ƙofar makaranta, ba don girmamawa ba, don ya tabbatar na fita. Maigadi ya zare sakata yana kallon ƙasa. Na sa ƙafa ɗaya waje ke nan sai muka ji daga tagar ajina: tilin-lin. Sai tafi. Sai ta biyu. Ta ukun ta ɗan yi jinkiri, ita da ma haka take, sannan ta amsa.

Mai Makaranta ya juya ya dubi tagar, ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni wane yaro ne wannan.

"Su ashirin da uku ne, Yallaɓai, kuma duk sun iya," na ce. "Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sallama."

Na gyara jakata a kafaɗa na fita. Na taka har bakin titi, ban san abin da za mu ci wata mai zuwa ba. Mota ta farko ta zo ta wuce ban tsayar da ita ba, don daga inda nake tsaye ana jin tafin.