Tsuwwar da Ke Cikin Amfilifayar Kapembwa

Ni mutumin gabashin ƙasarmu ne, Bangoni a ƙabila, shi kuwa tsoho Kapembwa ɗan ƙabilar Bemba ne, saboda haka abokan wasa muke, babu abin da ban isa in gaya masa ba. Su ana musu tsiya da cin biri, mu kuma da cin ɓera. Ko ranar da aka binne matarsa a nan garin Kitwe, sai da na baɗa masa garin masara a ka, kamar yadda abokan wasa ke yi a wurin makoki, na ce ta gaji da dafa masa naman biri ne ta gudu. Ya yi dariya cikin hawaye, ya ce mai cin ɓera dama ba shi da kunya.

Son sauti ne ya haɗa mu. Duk Asabar nakan je gidansa da rana, mu zauna a ɗakin da ya cika da wayoyi da warin dalma, mu yi ta musu. Ni ina son kiɗa ya yi duma har in ji shi a ƙirji. Shi kuma ya ce wannan ba saurare ba ne, dambe ne. Abin da yake nema muryar mutum, tsaf, ba ƙari ba ragi. Yana da wani tsohon hedifon mai cin wuta, wanda in ka jona shi a wayar hannu sai ka ji kamar ana waƙa a cikin rijiya. Don shi ya haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da hannunsa, mai kwalabe irin na rediyon da, waɗanda ke yin ja in sun yi zafi. Lantarki aikinsa ne, a kansa ya tsufa a mahaƙar tagulla, kusa da injin fasa dutse.

Duk wannan wahala a kan kaset ɗaya ce, ta mawaƙan cocinsu. Maman Chisanga, marigayiyar matarsa, tana cikinsu. Akwai wani wuri, in ji shi, da take jan numfashi kafin sauran mata, ta riga su shiga baiti. Nan yake jira kullum. In an zo wurin sai ya ɗaga yatsa, ido a rufe.

Wata Asabar na tarar da shi ya kwance amfilifayar a kan tebur. Shikulu nake ce masa, wato kaka a yarensu.

"Shikulu, me kuma ya faru? Biri ya shiga ciki?"

"Tsuwwa take yi, Jere. Siririya, kamar gyare. Tana zaune daidai kan muryar matan nan."

Na sa hedifon, na kasa kunne. Babu komai, tas take.

"Ban ji ba."

"Ina za ka ji? Kai da ganga ta riga ta toshe maka kunne."

Daga nan aka shiga farauta. Ya sauya kwalabe. Ya sauya taransifoma. Ya haƙa rami a bayan ɗaki ya kafa ƙarfe, ya ja wayar ƙasa. Ya ce wutar gari ce ba ta da tsabta, ya ciro batirin motar surukinsa ya gwada. Ya zargi firiji, ya zargi injin niƙan maƙwabta da ke ruri tun safe. Da tsuwwar ta ƙi tafiya, sai ya ce hedifon ne bai ƙoshi ba, ƙarin ƙarfi yake so, waƙa ta danne ta. Wata rana na karɓa daga kansa ban duba inda ya kai murya ba, sai da na yi wurgi da shi. Kaina ya yini yana sarawa.

Haushi ya kama ni, na kuma ji tsoro. Mutumin da a da yake gane an sauya waya ɗaya ido a rufe, yanzu sai ka kira shi sau biyu kafin ya waiwayo.

'Yarsa Chisanga ta tare ni a bakin ƙofa, hannunta duk garin tuwo.

"Baba Jere, don Allah ka gaya masa. Na yi maganar asibiti, ya ce in fita harkar injiniyoyi. Da rediyo a kunne yake kwana, wai tsuwwar amfilifayar ce ke bin sa har gado. Kai abokin wasansa ne, ba zai yi fushi da kai ba."

"Ke dai bar ni da shi," na ce, ina cika baki.

Asabar ta zo, na kasa. Ta sake zuwa, na buɗe baki sai na ji ina tsokanarsa a kan biri. Na zage shi a kan cikinsa da sanƙonsa da kakanninsa, amma wannan ɗaya ta ƙi fita. Na san in na faɗa, ba kunnensa kaɗai na taɓa ba.

Ranar da ya gama sabuwar amfilifayar, fuskarsa kamar ta ango. Ta fi tsohuwar girma, har teburin yana lanƙwasa.

"Zauna, mai cin ɓera. Yau za ka ga aikin manya."

Kwalabe suka yi ja. Ya sa kaset, ya ɗora hedifon, ya rufe ido. Daga kujerata ina jin waƙar tana tsiyayowa, don ya kai murya ƙarshe. Na zuba wa yatsansa ido. Aka yi nisa, yatsa bai tashi ba.

Sai aka ɗauke wuta. Injin niƙa ya yi tsit, firiji ya mutu, fanka ta fara jan jiki. Jan kwalaben ya dushe a hankali. Shi kuwa idonsa a rufe yake, ya zaci kaset ce ta tsaya.

"Yauwa! Kar ka taɓa komai," ya ce da ƙarfi. "Waƙa ta tsaya, ga tsuwwar nan ita kaɗai, shegiya. Karɓi, yau ko kurma ya ji ta."

Ya cire hedifon ya miƙo mini, sannan ya buɗe ido. Ya dubi kwalaben. Ya dubi fankar da ta tsaya. Ya kai hannu ya zare wayar amfilifayar daga bango, ya riƙe ta, ya karkata kai yana saurare. Hedifon yana cinyata, babu abin da ke kunnensa.

"Jere."

"Na'am, Shikulu."

"Ba ka jin komai ko?"

"Ba na ji."

Ya daɗe yana juya wayar a hannu. Na nemi wata tsokana in jefa masa, ko da ta biri ce, na rasa. Tausayinsa ya cika ni, ga shi ba ni da abin yi masa.

"Tun damina ban ji ta ba," ya ce, ba da ƙarfi ba. "Maman Chisanga nake nufi. Matan duk sun zama murya ɗaya."

Ya mayar da wayar bango, ya rage muryar da kansa, ya turo mini kaset.

"In wuta ta dawo, kai ka saurara mini. In ta ja numfashin nan, ka ɗaga yatsa in gani."

Na saurari kaset ɗin nan ya fi a ƙirga, da kunnena lafiyayye, ban taɓa iya ware muryarta daga cikin matan ba. Shi kaɗai ya san wurin.

"To, Shikulu," na ce.

Na ɗora hedifon a kaina, muka zauna muna kallon kwalaben. Ina ta roƙon Allah a zuci kada wutar nan ta dawo da wuri.