Kariyar Huseina da Akuyar Dije

Da akwati guda da gwangwanaye tara Huseina ta dawo gidan ubanta. Motar Madani, birnin Sudan inda ta yi aure, ta sauke ta a garin Abu Na'ama da azahar, mai amalanken jaki ya ƙarasa da ita ƙauyensu, tana zaune a baya ta rungume gwangwanin da ya fi tsawo don kar gargadar hanya ta karya abin da ke ciki. Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba, daga ƙarshe mijin ya miƙa mata takardarta. Gado da kujeru duk ta bar masa. Shuke-shukenta ne kawai ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta tafi da su.

Iyayenta sun daɗe da rasuwa. Gidan yana hannun yayanta Abdulƙadir, manomin riɗi da dawa, mutum mai gudun magana, da matarsa Dije, wadda ta riƙe gidan shekara ashirin ba mai ɗaga mata murya. Dije ta fito tarbar baƙuwa hannunta duk ƙullun kisira, wainar dawa mai faɗi da suke ci kullum. Ta yi mata sannu da hanya sama-sama, sannan ta tsaya tana kallon mai amalanke yana jera gwangwanayen man girki a gindin katanga.

"Wannan kuma mi ne?"

"Furanni ne, Yaya Dije."

"Ana miya da su?"

"A'a."

"Magani ne?"

"Na kallo ne."

Dije ta taɓe baki. "To, Allah shi kyauta. Mu nan ruwan da muke sha ma sai mai amalanken ruwa ya ga dama."

Aka ba Huseina ɗakin marigayiya uwarta, can ƙuryar gida, da 'yar rumfar kara a gabansa. Washegari tun da sassafe ta shiga aiki. Ta san halin kowace shuka kamar yadda uwa ke sanin halin 'ya'yanta. Kuroton, mai ganye ja da rawaya kamar an watsa masa fenti, yana son hasken safe amma ranar azahar ƙona shi take yi, don haka ta ajiye shi a bakin rumfa ta gabas. Sajjada, wadda ganyenta ke da zane irin na dardumar salla, ba ta jure ƙishi ko na yini guda, ita ta samu inuwa kusa da randa. Winka ba ta da fushi, ko ina aka sa ta fure take yi. Ita kuwa kariya, mai kumburarren gindi da fure ja kamar jinin kaza, ita ce babba a cikinsu, rana take so tsagwaronta, ruwa kuma sau ɗaya a mako.

Wani tsohon mai lambun furanni ne ya koya mata a Madani, shekarun da take zaman jiran likitocin mata, ta fito da takardar magani ba ta son komawa gida. Shi ya ce mata in za ta zaɓi shuka kar ta bi wadda ta fi fure, ta juya bayan ganye ta duba ƙwari, ta nemi mai sabon toho. Shi ya nuna mata huda gindin gwangwani da ƙusa, da haɗa laka ta bakin kogi da yashi da busasshen kashin awaki. Da kariya ta fara, guntun reshe bai kai tsawon yatsa ba.

Ruwan gidan ganga guda ce a rana. Huseina ba ta taɓa ɗiban na shuka a ciki ba. A kwano take alwala ta tara ruwan, haka na wankin shinkafa, in bai isa ba ta ɗauki bokiti ta gangara kogi. Duk da haka, da ganga ta yi ƙasa sai Dije ta tsaya tsakar gida ta ɗaga murya, ba ta kama sunan kowa ba.

"Mutane na ƙishi, ana shayar da ciyawa! Ni dai ban taɓa ganin inda aka yi wa ganye wanka ba sai gidan ga."

Huseina na jinta. Takan ci gaba da goge ƙurar ganyen kuroton da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago kai. Shirun nan ya fi zagi ƙona Dije. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne matan unguwa. In sun shigo shan gahawar hantsi, da can rumfar Dije suke nufa, yanzu kuwa sai su zarce ƙurya, suna ta "Masha Allah, kamar gidajen Khartum," wannan ta roƙi reshe, waccan ta tambayi suna. Dije ta zauna ita kaɗai da butar gahawarta tana huce.

Wata safiya Huseina ta dawo daga kogi ta tarar sajjada biyu sun langaɓe. Ta durƙusa ta shinshina ƙasar. Warin sabulun wanki ne, har da sauran kumfa a bakin gwangwani. Ta miƙe ta nufi inda Dije ke shanya kaya.

"Yaya Dije, wa ya zuba ruwan wanki a shukata?"

"Ke da ke neman ruwa? Na ga ba ki son a zubar, na taimake ki."

"Kin san sabulu kashe su yake yi."

"Ina zan sani? Ni baƙauya ce. Ban zauna Madani ba." Ta yarfe zane ta rataya. Sai ta nuna kariya da haɓa. "Waccan dai na san ta. Kakata takan ce kariya sai kyan fure, ba ta 'ya'ya. Kowa da abin da ya yi kama da shi yake abota."

Huseina ta ji maganar har tafin ƙafarta. Ta koma ta zazzage ƙasar gwangwanayen, ta wanke saiwoyin da ruwan da ta ɗebo, ta sake dasawa. Ɗaya ta farfaɗo, ɗaya ta mutu.

Da Abdulƙadir ya dawo gona ta gaya masa. Ya zauna yana cire takalmi, ya ce, "Ma'alesh, Huseina. Ganye ne fa. Ki yi haƙuri, ki bar ta da halinta."

"Ba maganar ganye na kawo maka ba, Yaya. Ka ji abin da ta kira ni?"

"Na ji. Halas, ya wuce."

Bai wuce ba. Huseina ta saro ƙaya ta kewaye rumfarta, ta yi 'yar ƙofa da kara tana ɗaurewa da igiya. Ta daina cin abinci da su, ta haɗa murhunta. In sun haɗu a bakin ganga kowace ta kau da kai. Dije ta riƙa share tsakar gida tana tura sharar gindin ƙayar. Huseina kuma in ta ga matan unguwa sun shigo sai ta fito da tabarma da murmushin da ba ta taɓa yi wa 'yan gidan ba, ta riƙe su har gahawar Dije ta yi sanyi.

Dije tana da akuya, ja mai farin goshi, da tsohon ciki. Ita ce dukiyarta, daga ita take sa ran haɗa garken da za ta yi wa 'yarta Najwa kayan ɗaki. Bazara ta yi tsanani shekarar, ciyawa ta ƙare, akuyar har takarda take ci.

Ranar wata Laraba da hantsi Huseina na kwance a ɗaki da ciwon kai, labulen ƙofa a sake. Ta ji motsin kara. Ta leƙa ta gefen labule sai ta ga Dije tana kwance igiyar 'yar ƙofar, tana waige-waige. Ta buɗe ta, ta je ta kwance akuyar daga turke, ta kora ta wajen da ƙafa, sannan ta shige ɗakin girki kamar ba ita ba. A zatonta Huseina ta tafi kogi.

Akuyar ta shigo. Ta fara da winka, ta tsige ta tas. Ta ja kuroton har gwangwanin ya kife. Huseina ta yunƙura za ta fito da ihu. Sai ta ga akuyar ta juya ta nufi kariya.

Ta san abin da ke cikin kariya. Tsohon mai lambu ya gaya mata tun ranar farko, ya ce ta wanke hannu duk sanda ta yanke reshe, ya ce da ruwanta maharban duwatsun kudu ke shafe kibiya. Tsawa ɗaya ta isa ta kori dabbar. Hannunta na kan labule. Ta tuna haɓar Dije tana nuna shukar nan. Ta saki labulen, ta koma ta zauna a bakin gado, tana jin ƙarar tauna.

Kafin la'asar akuyar ta fara rawar jiki, kumfa na zuba daga bakinta. Ta zagaya turke sau biyu ta faɗi. Dije ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu, maƙwabta suka cika gidan. Wani ya ruga ya kira Abdulƙadir daga masallaci. Da ya ga ba za ta tashi ba ya ce a miƙo wuƙa kar ta yi mushe. Ya yanka ta. Sa'idu mahauci, maƙwabcinsu, ya soma fiɗa, ya ciro 'ya'ya biyu daga cikinta ya ajiye gefe. Dije ta gan su ta sake fashewa da kuka.

"A raba naman," in ji Abdulƙadir. "Kowa ya kai wa yaransa. Asara dai ta riga ta faru."

Huseina na tsaye a bayan ƙayarta. Ta ga ƙananan 'ya'yan Dije sun kewaye mahauci suna jiran hanta. Ta ga wata maƙwabciya ta miƙa kwano. Da ta yi shiru da ba wanda zai taɓa sani, amma wannan shirun ba za ta iya shi ba.

"Kar wanda ya ci naman nan."

Aka juyo gaba ɗaya.

"Kariya ta ci. Dafi ce. A haƙa rami a binne shi, har kayan cikin, kar kare ma ya samu."

Sa'idu ya janye hannunsa ya shiga goge wuƙa da ƙasa. Dije ta daina kuka. Ta tako a hankali har bakin ƙayar.

"Ya aka yi kika san kariya ta ci?"

"Na gani."

"Kin gani? Kina ina?"

"Ina ɗaki. Inda nake sanda kika kwance igiyar ƙofata, kika koro ta da ƙafa."

Dije ta dubi mata, ta dubi mijinta, ba ta musa ba. Muryarta ta dawo ƙasa-ƙasa.

"Kina kallo. Kin san dafi ce, kina kallo tana ci da ciki a jikinta, ba ki ce kai ba."

"Ban ce ba."

"Allah ya isa tsakanina da ke, Huseina. Shi ya san abin da ya sa bai ba ki ɗa ba."

"Ni ma Allah ya isa. Ke kika buɗe ƙofa."

Dije ta kai hannu ta tsallaken ƙaya ta cafko mayafin Huseina, ƙayar ta yage wa Dije dantse har jini, ba ta saki ba sai da mata uku suka ɓamɓare ta. Abdulƙadir ya juya. Ya ɗauki fartanya ya fita bayan gida haƙa rami.

Bayan sallar magariba ya zo ya tsaya a bakin rumfar ƙanwarsa. Bai zauna ba, ko da ta shimfiɗa masa tabarma.

"Abin da ta yi miki ban ji daɗinsa ba," ya ce. "Laifina ne da ban tsawatar ba tun farko. Amma dabbar nan mi ta yi miki?"

Huseina ta sunkuyar da kai.

"Gidan ubanki ne, ba mai korar ki. Amma ba za ku ƙara haɗa tsakar gida ba."

Cikin mako guda magina suka zo. Aka ja katangar laka daga ɗakin uwarsu har zuwa bangon waje, aka fasa wa Huseina ƙofa ta lungun baya. Ko a nan sai da aka yi rigima, Dije ta ce bishiyar darbejiya ta ɓangarenta ce, Huseina ta ce ubanta ya dasa, magini ya gaji ya bi da katangar ta tsakiyar gindinta. Matan unguwa suka rabu biyu. Wasu suka ce Dije ta tono, wasu suka ce mace mai iya zama tana jin dabba na cin ajalinta abin tsoro ce, suka hana 'ya'yansu bin lungun.

Cikin gwangwanaye tara, huɗu suka tsira. Huseina ta yanke inda akuyar ta tauna a jikin kariya, ta shafa toka, ta wanke hannu sau uku. Da damina ta sauka shukar ta yi sabon toho. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta ji daɗin da ta saba ji ba.

Shekara shida suka yi katanga ɗaya tsakaninsu, kowace tana jin tarin 'yar'uwarta da ƙarar turminta, ko gaisuwar Salla ba ta haɗa su ba. Abdulƙadir yakan zagayo ta lungu ranar Juma'a, ya gaishe da ƙanwarsa daga tsaye, ya koma.