Gonar Sambo a Cikin Daro

Tuddai uku da kogi guda Rakiya ta riga ta jiƙa a daro kafin rana ta ɗaga. Mijinta Yusha'u, masinja a ofishin safiyo, shi ya kawo mata tsofaffin taswirori gidansu da ke unguwar Malali. An zubar da su ne tunda madatsar ruwa ta cinye ƙasar da suke nunawa, sauran kuma aka mai da shi gandun namun daji. Ita ba ƙasar ta dame ta ba. A bayan kowace taswira akwai farin ƙyalle mai laushi, in takardar ta jiƙa sai ta saɓule. Jaririnta Abdurrahim duk cinyoyinsa sun yi ja saboda kaushin tsumma, ga kunzugu kyauta.

Ta ɗauko ta ƙarshe, mafi girma, tana karanta sunayen a fili.

"Kukar Ila."

Surukarta, Inna Hansai, wadda tun da ruwa ya tashe su daga ƙauye ba ta cika magana ba, ta ajiye carbi.

"Me kika ce, 'yar nan?"

Rakiya ta shimfiɗa takardar a tabarma. Ta nuna mata shuɗin zare, ta ce rafi ne. Layukan da suka zagaye juna kuma tudu.

"To gidanmu na nan gindinsa," in ji Inna, ta dafa wurin. "Wannan ba za ta shiga ruwa ba. Sau ɗaya ya isa."

"Inna, kunzugu huɗu ne a jikinta. Dubi cinyar maigidanki."

Tsohuwar ta dubi jikanta, ta dubi tudun. Rakiya ta ɗauko almakashi.

"Zan yanke miki garin, ki bar mini daji."

Ta sa almakashi ke nan Inna ta riƙe hannunta. Wai a haɗa da rijiya. Rakiya ta matsar da almakashin. A haɗa da kasuwa, da tsamiyar da aka ɗaura mata aure a ƙarƙashinta. Labari ya ɓarke, har da dariya, Rakiya na ta lissafin ƙyallen da ke raguwa.

"Nan fa, hayin rafi?" in ji Rakiya.

Inna ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

"Gonar Sambo ce. Shekara ashirin yana cin mana iyaka." Ta saki hannun Rakiya. "Yanke gonar duka, a ɗaura wa maigida."